Daga rumfar atamfa zuwa siton kayan babur: yadda wani matashi mai galahanga ya samu aikin da ya zauna masa a Garwa

Matashin da wannan nazari ya shafa yana da shekara 26, haifaffen Garwa ne a arewacin Kamaru, kuma gidansu Hausa ake yi, a waje Fulatanci, a makaranta Faransanci. Ba za a ambaci sunansa ba, haka ma shagon da yake aiki. Ya yi boko har ajin da ake zana jarrabawar BEPC, ta kammala ƙaramar sakandare, ya tsaya a nan. Yana karatu da rubutu da Faransanci, lissafinsa ya fi na yawancin sa'o'insa, kuma idan ya ga lamba sau ɗaya da wuya ta ɓace masa. Sai dai ba ya kallon mutum ido cikin ido, gaisuwarsa gajera ce, ƙarar injin niƙa ko na walda na sa shi toshe kunne, kuma magana yadda aka faɗe ta haka yake ɗaukarta. Tun yana yaro ake cewa iska ce ta taɓa shi, aka yi ta rubutu da hayaƙi. Sai da ya haura 20 wani likitan ƙwaƙwalwa ya zauna da shi da mahaifiyarsa, ya bi tarihinsa tun daga goyo, ya ce galahanga ce, wadda likitoci ke kira otizim.

Galahanga ba hauka ba ce, kuma ba abin da allura ko ƙwaya ke cirewa ba ne. Yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun farko, yana shafar mu'amala da mutane, da yadda jiki ke karɓar ƙara da haske da taɓawa, da son abu ya tafi kan tsari ɗaya. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. Yaran nan kuwa girma suke yi, su zama manya masu bukatar abin yi. Ko a Ingila, inda ake da ofisoshin tallafi birjik, bincike na gwamnati a 2024 ya nuna kusan mutum 3 ne kacal cikin 10 masu galahanga da suka isa aiki ke da aikin. Ke nan matsalar ba ta talauci kaɗai ba ce.

Wurare uku da abin ya ƙi

Kafin a kai ga wurin da ya zauna, an gwada shi a wurare uku, kuma kowanne akwai abin da ya koyar.

Na farko rumfar atamfa ce ta kawunsa a babbar kasuwa. Bai kai wata biyu ba. Wata mata ta tambaye shi gaskiyar kuɗin turmi, shi kuwa ya faɗa mata yadda aka saro shi, a gaban kawun. Da aka yi masa faɗa bai gane laifinsa ba, don an tambaye shi gaskiya ya faɗi gaskiya. Ciniki a kasuwa wasa ne mai dokokin da ba wanda ya taɓa rubutawa: taya, albarka, a yi kamar za a tafi, a kira mutum ya dawo. Yaro yakan tsince su a iska. Mai galahanga sai an faɗa masa su ɗaya bayan ɗaya, wasu ma ko an faɗa ba za su zauna masa ba, domin sun dogara ne da karanta fuskar mai saye. Ga hayaniya, ga cunkoso, ga masu wucewa suna gogar kafaɗarsa. Yakan dawo gida ya shige ɗaki, ba ci ba magana har gari ya waye.

Na biyu wurin walda ne, inda aka ce tunda ba ya son surutu sai a ba shi aikin hannu. Kwana huɗu ya yi. Ƙarar injin yankan ƙarfe da walƙiyar wuta sun fi ƙarfinsa. Wanda ya kai shi ya duba cewa babu ciniki a wurin, bai duba abin da kunne da ido za su sha ba.

Na uku ya fi ciwo. An buɗe masa ɗan teburin tura kuɗi ta waya da sayar da kati, da jarin da 'yan'uwa suka harhaɗa. Lissafinsa bai taɓa kuskure ba. Amma wani ya zo ya nuna masa saƙon bogi cewa an turo kuɗi, ya miƙa masa tsaba. Wasu kuma samarin unguwa suka gano ba ya iya cewa a'a, suka riƙa karɓar bashi da "gobe zan kawo". Shi a wurinsa gobe gobe ce. Cikin wata uku jari ya narke. Daga nan ya yi kusan shekara biyu a gida, aka soma cewa ai ba zai iya komai ba.

Abin lura shi ne a duk wuraren nan uku ba aikin kansa ne ya gagare shi ba. Ya san kuɗin kowane turmi, ya iya riƙe awo, ya iya lissafi. Abin da ke kewaye da aikin ne ya kayar da shi.

Zaman tantancewa

Yayarsa, malamar firamare ce, ita ta ɗauki ragamar neman na huɗu, tare da shawarar wata jami'ar jin daɗin jama'a. Ba su fara da tambayar wa zai taimaka ya ɗauke shi ba. Sun fara da takarda mai gida huɗu: abin da ya iya, abin da ke ɗaga masa hankali, abin da ke kwantar masa da hankali, da abin da shi kansa yake so. Sun yi mako biyu suna cike ta, suna kallon yadda yake wuni a gida, suna kuma tambayarsa. Tambayar ma da dabara. Idan aka ce masa "wane aiki kake so?" sai ya yi shiru. Idan aka ce "tsakanin jera kaya da yi wa mutane magana wanne ka fi so?" nan take yake amsawa. Ya fi sakewa idan aka rubuta masa tambayar a WhatsApp ya amsa a rubuce, ko da suna ɗaki ɗaya.

Abin da ya fito: yana son jerawa da ƙirgawa, ya haddace lambobin kayan babur daga kwalayen da yake tsinta, safiya ce lokacin da kansa ya fi aiki, bayan azahar ƙarfinsa kan ragu, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafin Garwa ke haura digiri 40. Ba ya jure mutum biyu su ba shi umarni a lokaci guda. Ba ya jure a taɓa shi ba zato.

Hanyar da suka bi tana da asali. Tun shekarun 1980 a Amurka masu aikin tallafa wa naƙasassu suka lura cewa a koya wa mutum aiki a aji na tsawon shekaru sannan a nema masa wuri ba ya haifar da ɗa mai ido, domin abin da aka koya a wuri ɗaya ba ya bin mutum zuwa wani wurin cikin sauƙi. Suka juya abin: a sa shi a wurin aiki na gaske tukuna, a koya masa a nan, da mai rakiya a gefensa wanda zai riƙa janye jiki a hankali. Akwai kuma dabarar yanka aiki, wato a dubi wani shago a tsinto ƙananan ayyukan da kowa ke gudu, a haɗa su su zama aikin mutum ɗaya. A Turai akwai kamfanin Specialisterne da aka kafa a Denmak a 2004 don ɗaukar masu galahanga aikin gwajin manhajar kwamfuta, amma kada wannan ya sa a ɗauka duk mai galahanga gwanin kwamfuta ne. Dabarar tana aiki a sito kamar yadda take aiki a ofis.

Suka lissafa shaguna shida na kayan babur, suka zaga su a lokuta daban-daban ba tare da shi ba. Abin da suke dubawa: akwai sito a baya da ke da ƙofa? Ina janareta yake? Mutum nawa ke ba da umarni? Nisan wurin daga gida fa, zai iya zuwa da ƙafa ta hanya ɗaya kullum? Biyu suka rage. Ɗaya na wani Alhaji ne mai yara uku a gaban shago, da sito cike da kwalaye a hargitse. Kullum yana ƙorafin kaya na ɓacewa, yana saro abin da yake da shi, abin da ya ƙare kuma bai sani ba sai mai saye ya tambaya.

Yadda aka yi wa Alhaji magana

Yayar ba ta ce a taimaka wa ƙaninta don Allah ba. Wannan ita ce ƙofar da aka shiga sau uku a baya, kuma aikin da aka bayar don tausayi, ranar da tausayin ya gaji shi ke nan. Cewa ta yi: "Alhaji, siton nan naka yana cin kuɗinka. Ina da ƙane da zai jera maka shi, ya san abin da ya shiga da abin da ya fita. Ba zai yi ciniki ba, ba zai taɓa kuɗi ba. Ka gwada shi mako biyu." Sannan ta faɗa masa abubuwa huɗu da zai gani: ba zai kalle shi a ido ba kuma ba raini ba ne, yakan kaɗa jiki ko ya murza yatsu idan yana tunani, a bar shi, magana a yi masa ita a miƙe, kuma kada a dafa shi ta baya. Sunan galahanga ta faɗa wa Alhaji shi kaɗai, bayan ta nemi yardar ƙanin nata. Yaran shago abin da za su yi aka faɗa musu, ba sunan lalura ba, don a bakin samari suna kan koma abin tsokana.

Ba a yi masa zaman tambayoyi ba. Aka ba shi kwali ɗaya mai gauraye da filogi iri-iri, aka ce ya ware. Cikin minti 20 ya ware su kashi biyar, ya nuna guda uku da aka sa a kwalin da ba nasu ba. Gani ya kori ji.

An rubuta yarjejeniya, shafi ɗaya, da Faransanci, aka karanta ta da Hausa. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta ce ɗaukar gwaji sai a rubuce, kuma makon aiki a wajen harkar noma awa 40 ne. Tun 2023 mafi ƙarancin albashi a irin wannan fanni sefa 60,000 ne a wata. Shi awa 5 zai yi a rana, daga ƙarfe 7 zuwa 12, kwana 5 a mako, ban da Juma'a da Lahadi, wato awa 25. Aka yi lissafi a kan haka ya kama 37,500. Kowa ya san shaguna da yawa a kasuwa ba sa bin wannan ƙa'ida, amma samun lamba da doka ta faɗa ya ba wa yayar abin tsayawa a kai, maimakon "abin da ya samu". Ta kuma nuna wa Alhaji cewa dokar kare naƙasassu ta 13 ga Afrilu 2010 ta hana a ƙi mutum aiki saboda naƙasa. An nema masa katin naƙasa daga ma'aikatar jin daɗin jama'a, da takardar likita, an kuma yi masa rajista a ofishin FNE, hukumar samar da aikin yi, ko da buƙata za ta taso nan gaba.

Tsarin siton

Nan ne aka fi kashe lokaci, kuma nan ne nasarar take. Kanta biyar ce a siton, aka sa musu A zuwa E da fenti. Kowace kanta hawa shida, kowane hawa an raba shi gurbi-gurbi. Filogi na wani samfuri yana B3-2, wato kanta B, hawa na uku, gurbi na biyu. Kaya masu nauyi, taya da batir da galan na man inji, a ƙasa. Ƙanana masu saurin ɓata, kwan fitila da igiyar birki da igiyar kuloci, a daidai ido. Kowane iri da katinsa mai layi huɗu: rana, shiga, fita, saura. A saman katin an rubuta adadin da idan saura ya sauko gare shi za a sanar da Alhaji ya saro.

Aikin yini an rubuta shi a kwali an manna a bayan ƙofa: buɗe taga, share ƙasa, ƙirga kanta ɗaya, cike kati, fito da abin da aka nema, hutun minti 15 da ƙarfe 9 da rabi, rubuta rahoto da 12 saura kwata. Kanta ɗaya a rana, don haka duk mako an ƙirga siton kaf. Yaran gaba ba sa shiga su ɗauka. Su rubuta a 'yar takarda, ko su faɗi abu ɗaya su jira ya kawo. Babban yaron shago, wanda yake kira Yaya, shi kaɗai ke ba shi sabon umarni idan Alhaji ba ya nan.

Yayar ta zauna da shi duk awa biyar a kwana biyar na farko, a lokacin hutun makaranta. Ƙa'idarta ita ce ta nuna sau ɗaya, su yi tare sau ɗaya, sannan ta koma gefe ta riƙe hannunta. Kuskuren masu rakiya da yawa shi ne su yi aikin da kansu don kada a ji kunya, sai ranar da suka tafi a tarar ba a koyi komai ba. Mako na biyu awa ɗaya take yi da safe. Na uku da na huɗu sau biyu a mako. Daga nan sai waya da Alhaji duk Asabar, da tambaya ɗaya: me ya faru a makon nan da ba a saba gani ba?

Abubuwan da suka lalace

A mako na biyu Yaya ya ce masa, "Tsaya nan ina zuwa," ya hau babur ya tafi. Awa biyu matashin ya yi a tsaye a rana a ƙofar shago. Ba wauta ba ce, an ce ya tsaya ne. Gyaran shi ne duk umarni ya zo da iyaka: "jira ni minti goma, in ban dawo ba koma sito." Haka "anjima", "yanzu-yanzu" da "ka ɗan gyara wurin nan" duk aka maye su da lokaci da adadi.

A mako na uku ƙirga ta nuna filogi 14 babu. Ya fito gaban shago, ga masu saye, ya ce da ƙarfi, "Alhaji, filogi 14 sun ɓata, kuma jiya na ga wane ya sa biyu a aljihu." Wanen kuwa ɗan ƙanin Alhaji ne. Gaskiya ya faɗa, amma saura kaɗan aikin ya tashi, don yaran shago sun juya masa baya, aka soma kiransa ɗan leƙen asiri. Faɗa masa cewa ya riƙa sanin abin da zai faɗa ba shi da amfani, domin wannan sanin shi ne ainihin abin da ke ba shi wahala. Aka saya masa ƙaramin littafi mai jan bango, aka kafa doka: duk abin da bai daidaita ba a rubuta a nan, lamba kawai, a miƙa wa Alhaji hannu da hannu da ƙarfe 12, ba a faɗa da baki. Alhaji kuma ya tara yaran ya ce shi ya sa a ƙirga, mai magana ya zo wurinsa. Wannan mataki na biyu ya fi na farko muhimmanci. Duk wanda aka sa ya tsare kaya a inda aka saba ɗiba, ya samu abokan gaba, kuma mai galahanga ba zai hango su ba.

Mafi tsanani ya faru a wata na biyu. Motar kaya ta iso ba sanarwa, wuta ta ɗauke, aka tada janareta da ke jikin tagar sito, masu dako uku suka shigo suna jibge kwalaye a inda suka ga dama, kowa na kiran sunansa. Ya toshe kunne, ya durƙusa bayan taya yana kaɗa jiki yana gurnani. Wani ya riƙe shi, wani ya watsa masa ruwa, aka ce aljanunsa sun tashi. Riƙon ya ƙara dagula abin, ya fizge har ya buge gwiwar hannu. Abin da ya same shi cikar ƙwaƙwalwa ce: ƙara da sauyi da taɓawa sun taru sun wuce abin da za ta iya tacewa. Ba fushi ba ne, ba kuma farfaɗiya ba, ko da yake farfaɗiya ta fi yawa a masu galahanga fiye da sauran jama'a, don haka idan aka ga sandarewa ko fita hayyaci, asibiti za a nufa.

Kwana biyu bai je ba. Da ya koma an sauya abu huɗu. An mayar da janareta bayan gini da ƙarin waya mai mita 15, wanda ya rage hayaƙin da ke shiga siton ma. An saya masa abin toshe kunne na soso, ba mai rufe kunne duka ba, don wancan yana sa gumi a zafi kuma yana hana shi jin kira. Idan mota za ta zo, Alhaji kan faɗa masa tun da direba ya bugo waya, masu dako su sauke a ƙofa a cikin layin da aka ja da fenti, shi ya shigar da su kwali-kwali bayan sun tafi. Sannan an ba shi izinin da ba sai ya nema ba: in ya ji abin na tasowa ya fita ya zauna a inuwar bayan shago minti 20. Yaran kuma aka ce musu in sun gan shi haka kada su taɓa shi, kada su taru, mutum ɗaya ya kashe abin da ke ƙara ya yi shiru.

Sai batun kuɗi. Albashin na shiga asusun wayarsa ne da sunansa, lambar sirri shi kaɗai ya sani, domin kuɗinsa ne, ba na gida ba. Amma darasin teburin kati bai tafi a banza ba. Shi da yayar suka rubuta rabon wata: abin da zai ba mahaifiya, na sabulu da kati, na ajiya. Mai neman bashi kuma amsa ɗaya ce da ya haddace, "Sai na yi shawara da yayata," ba ƙari.

Inda aka tsaya

Yanzu ya haura wata tara a wurin. Alhaji ya daina saro abin da yake da shi, kuma da kansa ya ce a ƙara masa awa ɗaya. An gwada mako biyu aka janye, don barcinsa ya rikice, ya soma kuskure a katin bayan ƙarfe 12. A watan azumi an mayar da shi ƙarfe 7 zuwa 11, aka rubuta sabon kwali mako guda kafin a ga wata. Tsokana ba ta ƙare ba, ta dai ragu, kuma Yaya na shago ya zama mai tare masa.

Abu biyu na nan a buɗe. Ba a yi masa rajista a CNPS ba, asusun fansho da haɗarin aiki, kuma yayar na bin maganar. Na biyu, Alhaji na shirin buɗe reshe a wata unguwa, yana so ya tura Yaya can. Duk tsarin nan a kan mutum biyu ya rataya, kuma ɗaya zai tafi. An fara sa ƙaramin yaron shago ya riƙa miƙa masa takardar neman kaya sau biyu a rana, ana kuma rubuta dokokin siton a shafi ɗaya da za a manna kusa da kwalin aikin yini, don wanda zai gaji Yaya ya tarar da su a rubuce.